Makaranta ta nemi izinina kan sabon sunan ɗana

Tambaya: Muna zaune a Regina, lardin Saskatchewan na Kanada. Ɗana mai shekara 15 ya nemi malamai su riƙa kiransa da sunan mata, makaranta kuma ta aiko mini takardar neman izini. A zaurenmu na WhatsApp an ce da zarar na sa hannu za a fara ba shi maganin sauya jinsi, wasu kuma sun ce in mayar da shi gida a yi masa magani. Barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Malam, Allah ya sanyaya maka zuciya. Doka ce ta kawo maka takardar, domin tun watan Oktoba na 2023 Saskatchewan ta wajabta samun izinin iyaye kafin a kira ɗalibin da bai kai shekara 16 ba da sabon suna irin wannan. Abin da za ka amince da shi ko ka ƙi shi ne sunan da malami zai ambata a aji, amma wanda kuka raɗa masa yana nan a takardar haihuwa da fasfo.

Maganar maganin sauya jinsi kuwa ƙarya ce, kuma na gaji da jin ta daga bakin mutanen da ba su taɓa taka ofishin shugaban makaranta ba. Makaranta ba ta rubuta magani, ba ta da hurumin hakan, kuma sa hannunka bai buɗe ƙofar kowane asibiti ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɓarnar da jita-jitar nan ke yi, domin uban da aka tsorata yakan ƙwace waya, ya kai duka, ya fara neman tikitin jirgi, daga nan yaro ya rufe bakinsa, alhali shirun nan shi ne haɗarin. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, kan matasa 129 masu jin jinsinsu ya bambanta da wanda aka haife su da shi, ya nuna cewa waɗanda ake kira da sunan da suka zaɓa sun fi ƙarancin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. Binciken ƙarami ne, amma ni ba na wasa da duk abin da ya taɓa rai. Masu ba ka shawarar mayar da shi gida kuma ba su gaya maka cewa tun Janairun 2022 laifi ne a Kanada a fitar da yaro waje domin a yi masa "maganin" raba shi da yadda yake ji game da jinsinsa ba, kuma kai ne za ka tsaya gaban alƙali.

Na san nauyin addini da na dangi da ke wuyanka. Kada ka sa hannu ko ka ƙi cikin fushi. Ka fara zama da yaron, kai da mahaifiyarsa, ku tambaye shi tun yaushe yake jin haka da ko ya taɓa tunanin cutar da kansa, sannan ku nemi ganin mai ba ɗalibai shawara a makarantar da likitan iyalinku cikin makon nan.