Na ƙaro injin ruwan leda biyu, ga su nan kwance

Tambaya: Malam, ina da injin ruwan leda guda a unguwar Zariya, nan Maradi. Bazarar bara masu sari har layi suke yi, sai na sayar da gonata ta hanyar Tibiri na ƙaro inji biyu. Yanzu ga su kwance, kuɗin leda ma sai na ranto. Sammu ne, ko in ƙara cin bashi in tayar da su?

Amsa: Ɗan'uwa, ba wanda ya yi maka sammu. Cinikin Afrilu da Mayu ka ɗauka ka auna shekara da shi, alhali da ruwan sama ya sauka, balle hunturu, mai shan leda biyar ya koma biyu. Kuma layin nan ba kai kaɗai ka gan shi ba. Maƙwabtanka sun gani, kowa ya ce shi ne mai wayo, aka sayo injina lokaci guda, masu ƙishirwa kuwa ba su ƙaru ba.

Garin nan ya sha ganin haka. Gyaɗa ce ta tayar da alhazan Maradi na farko, fari na 1973 da 1974 ya karya ta. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka, sai Disamban 2020 ta buɗe. Wanda ya zuba duk jarinsa a shinkafar da za ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya zauna yana gadin sito. Ni ma kawuna na cikinsu, kuma har yau ba ya son a tayar da zancen.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba: inji ana ganinsa, ana cewa Alhaji ya bunƙasa. Kuɗin juyawa kuwa ba mai gani, shi ya sa ake raina su, ga shi su ke sayen leda, su biya wuta da yara.

Kada ka ci bashi don kana jin zafin gonar, ta riga ta tafi. Ɗauko littafinka ka duba cinikin watan Agusta da na Janairu. In inji guda ya ishe su, sayar da ɗaya tun kafin zafi ya shigo, lokacin da masu nema ke da yawa, ko da ka faɗi jika ɗari biyu. Na ukun ka bar shi a rufe sai Maris.