Ga 'yar'uwar da ta ce Baba yana kallo amma kamar ba ya gani

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki jikina ya yi sanyi. Kin ce tun da aka gano hantar Baba ta ƙanƙance, sai ki miƙa masa kofi ya ƙura masa ido ya daɗe bai karɓa ba, an gwada idon an ce lafiya lau, har dangi sun fara zancen iska. Sak abin da ya faru da Yayana.

Ba idon ba ne. Ido yana gani, saƙon ne ke makara a ƙwaƙwalwa. Mu ba mu gane ba sai da Yaya ya kusa halaka ɗansa. Ranar Alhamis, sun taso daga kasuwar Maigatari da rana tsaka, ya goyo yaron a mashin, ya je ya daki amalanken shanu da ke tsaye a gefen hanya. Tsaye fa! Ya ce ya gan shi sarai, ƙafarsa ce ba ta kai ga birki ba. Yaron ya karye a hannu.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wani mai kyamis a garinmu. Yaya ba ya barci da dare, sai ya wuni yana gyangyaɗi, muka je masa da wannan kukan. Ya san da ciwon hantar, ni na faɗa masa da bakina, amma ya ƙirgo mana ƙwayar barci ya karɓi kuɗinsa. Kwana 2 Yaya bai san inda kansa yake ba. Inna ta riƙe hannunsa tana kiran sunansa, ya dube ta kamar baƙuwa. Da na koma wa mutumin, cewa ya yi ai ƙaddara ce. Na bar shi da Allah.

A Dutse likita ya warware mana. Akwai guba mai suna ammoniya da ke fitowa daga hanji, hanta ke tace ta. In ta gaza sai gubar ta bi jini ta hau kai, kuma tun kafin a kai ga sambatu, zafin nama da lura take fara ragewa. Ya ba Yaya takarda mai lambobi 1 zuwa 25 a warwatse, ya ce ya haɗa su bi da bi. Mutumin da ke lissafin kuɗin awaki da ka, ya tsaya neman 7 tana gabansa.

In Baba yana hawa mashin, a ɓoye makullin yau ɗin nan, ko zai yi fushi. Ku koma wa likitansa ku faɗi maganar kofin yadda kika rubuta ta. Mu wani maganin ruwa mai suna laktulos aka ba mu, ana son ya yi bayan gida mai laushi sau 2 ko 3 a rana, don ta nan gubar ke fita. Ruƙiyya mun yi, ba ta hana shan magani. Amma jiƙe-jiƙen 'yan kasuwa, a'a. Kada kuma a hana shi wake da ƙwai da nono, mu mun yi wannan kuskuren har ya rame. Kuma ku duka ku je gwajin hepatitis B, cutar da ke kama hanta, a gidanmu mutum biyu aka samu.

Kashi baƙi kamar kwalta, aman jini, zazzaɓi, ko barcin da ba ya tasuwa, asibiti a take, ko tsakar dare ne. Allah Ya ba Baba lafiya. Ki duba mana, kwana nawa rabonsa da bayan gida?