Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Masu Hali Suke Yawon Buɗe Ido a Kan Keke?

Tambaya: Assalamu alaikum. A wurinmu keke abin hawan ɗan makaranta ne da manomi da wanda bai samu halin sayen babur ba, amma na ji a rediyo cewa a Turai masu abin hannunsu suna ɗaukar hutu su shafe mako guda suna tuƙa keke daga gari zuwa gari. Shin da gaske wannan harka tana bunƙasa, kuma wace riba ƙasa take samu daga baƙon da ko man fetur ba ya saye? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da gaske ne, Malam, kuma abin ya daɗe, domin tun a 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon keke a Ingila. Abin da ya sauya shi ne hukumomi sun shigo ciki, suna shimfiɗa wa keke hanyarsa daban da ta mota. Ƙungiyar mahaya keke ta Turai tana kula da tsarin hanyoyi 17 da ake kira EuroVelo, waɗanda tsawonsu zai haura kilomita 90,000 idan an kammala su. Ɗaya daga cikin sassan da suka fi farin jini shi ne wanda ya bi gaɓar Kogin Danube daga Passau a Jamus zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya, tafiyar kimanin kilomita 320 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wadda magidanci da iyalinsa suke gamawa cikin mako guda. Sifaniya kuwa tun 1993 take mayar da tsofaffin layukan dogo hanyoyin keke, dabarar da ta dace ƙwarai, tunda jirgin ƙasa dama ba ya son hawa mai tsauri.

Keke mai batir ya ƙara wa harkar jama'a, saboda dattijon da gwiwarsa ba za ta iya hawan tudu ba yanzu yana bin ayari, sannan annobar korona ta 2020 ta sa mutane da yawa suka gwammace hutu a fili kusa da gida.

Batun riba shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Wani bincike da aka yi wa Majalisar Dokokin Turai a 2012 ya ƙiyasta cewa ana yin tafiye-tafiyen yawon keke biliyan 2.3 a shekara a nahiyar, masu darajar Yuro biliyan 44. A ganina, inda kuɗin suke sauka ya fi yawansu muhimmanci. Mai mota yana iya cin kilomita 500 a wuni ɗaya, ya wuce ƙauyuka ba tare da ya sayi ko ruwan sha ba, alhali mai keke da ya yi kilomita 60 ya gaji, yunwa ta kama shi, ga shi abin da kariyarsa take ɗauka bai taka kara ya karya ba. Dole ya ci abinci a inda azahar ta same shi, ya kwana a inda rana ta faɗi, kuma idan taya ta yi faci ko sarƙa ta tsinke, mai gyaran wannan garin ne zai samu ciniki. Shi ya sa a Jamus akwai masaukai masu alamar Bett+Bike, waɗanda suka amince su karɓi baƙo ko da na kwana ɗaya ne, su ba shi ɗakin kulle keke da kayan gyara da wurin shanya tufafi. Sai dai ciniki ne na lokaci, domin da hunturu ya shigo hanyoyin sukan yi tsit.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A 2003 aka fara tafiyar Tour d'Afrique daga Alƙahira zuwa Cape Town, wadda ta ɗauki kimanin wata huɗu, kuma Ruwanda tana da hanya mai kilomita 227 a gefen Tafkin Kivu da baƙi suke bi a kan keke. A yankinmu kuwa, ƙasar a shimfiɗe take kuma masu faci suna ko'ina, amma baƙo ba zai ɗaura kayansa a kariya ba sai ya tabbata hanya tana da tsaro, kuma tirela ba za ta ture shi daga kan kwalta ba.