Amsar Kawu kan bajon sojan marigayi Kaka

Aminu ɗana, saƙonka ya iso Garwa, kowa yana gaishe ka. Ka ce ka tarar da bajon Kaka a akwatin ƙarfe, mai hoton sulke da kwalkwali, kana tambaya ko ya dace ka maƙala shi a riga ranar faretin 20 ga Mayu, bikin ranar ƙasar Kamaru. Kada ka maƙala. Amma bari ka san abin da ke hannunka tukuna.

Wannan alamar sojan jeni ce, wato injiniyoyin soja, kuma daga Faransa ta zo, tunda Kaka a ƙarƙashin tutarsu ya yi aiki kafin 'yancin 1960. Jeni na Faransa suna jingina asalinsu ga Boban, injiniyan Sarki Luwi na 14, wanda ya rasu a 1707, gwanin gina ganuwa da fasa ta. A zamaninsa idan aka yi wa gari ƙawanya, akwai masu haƙa rami a karkace har gindin ganuwa, harsashi na zubo musu daga sama. Su ne ake sa wa sulken ƙirji da kwalkwali mai nauyi, abin da kake gani a bajon ke nan. Launinsu baƙi da ja. Takensu kuwa: wani lokaci rushewa, sau da yawa ginawa, kullum hidima.

Da aka kafa sojan Kamaru aka gaji wannan sana'a: gada, hanya, kwalbati, tono nakiya. Ka tuna hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri? Bayan Boko Haram sun sace ma'aikata 'yan Sin 10 a Waza cikin Mayun 2014 aikin ya tsaya cik, daga baya jeni aka miƙa wa. Waɗanda ke sa alama irin wannan a yau, a bakin irin wannan aiki suke samunta.

A tsarin Faransa bajon rukuni a aljihun ƙirji na dama yake rataya, a kan 'yar fata da ake saƙalawa a maɓalli. Lambobin girma a hagu. Mai bajo shi ne wanda ya yi aiki a rukunin, shi kaɗai. Na san za ka ce ka ga Turawan Ingila suna sa lambobin iyayensu a dama ranar tunawa da mazan jiya. Al'adarsu ce, mu ba ita muka gada ba. Dokar ƙasar nan tana hukunta wanda ya sa kaki ko lambar da ba a ba shi ba, kuma a jihar Arewa Mai Nisa, inda 'yan ta'adda suka sha shigar soja, jandarma a shingen hanya ba zai tsaya sauraron tarihin kakanka ba. Ko a fadar Lamido ai haka ne. Ɗan da Galadima ya haifa yana iya gadon alkyabbar ubansa, amma ba ya yafa ta ya shiga fada sai an naɗa shi.

Sai adanawa, don nan ne mutane ke ɓarna. Kada toka ko yashi ko lemun tsami su taɓa shi. Launin nan narkakken gilashi ne a kan tagulla, yashi zai kankare shi, tsami kuma zai ci ƙarfen. Tsumma mai laushi da ruwan sabulu kaɗan sun isa, sannan ka shanya shi sarai, domin laimar damina ce ke kawo koren tsatsa. Fatar kuwa iskar hunturu ke fasa ta, ka shafa mata man kaɗanya daidai kan yatsa, kada ya kai ga ƙarfen. Allurar baya idan ta lanƙwashe ka bar ta haka. Kada ka kai wa mai walda, zafi zai farfasa gilashin.

Juya bayansa ka duba. Galibi akwai sunan maƙeran, kamar Drago ko Arthus-Bertrand, wani lokaci da harafin G da lamba, wadda ita ke nuna rajistar bajon. Ka rubuta su. Ka sake bincika akwatin ko littafin sojansa yana ciki, don da lambar aikinsa ake neman takardunsa a ma'ajiyar sojan Faransa da ke garin Po, can Faransa. In ka samu, ka haɗa bajon da hotonsa a firam mai gilashi, nesa da rana, ka kuma turo wa Inna hoton ta gani.