Me ya haɗa cuku da ɗaukar hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ranar walimar saukar ƙanwata mai hoto ya ce mana "say cheese", da na koma gida na duba ƙamus sai na ga wai cheese cuku ne. To don Allah me ya haɗa cuku da hoto? Ko tana da wata ma'ana ne daban?

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa. Ƙamus ɗinki bai yi kuskure ba, cheese dai cuku ne, wato madarar da aka sa wa abin da zai kama ta ta daskare, a tace ruwan a bar tsakin. Irin wanda Buzaye da Fulani ke yi a Nijar kenan, falle-falle busasshe, wanda duk wanda ya taɓa zuwa Agadas ko Tawa ya san shi ana ci da shayi. Warar da Fulani ke yi da ganyen tumfafiya ita ma Bature cheese zai ce mata. Amma awarar waken suya ba ta ciki, tunda babu madarar dabba a cikinta, ita tofu suke ce mata.

Zancen hoto kuma ba ruwansa da abinci sam. Ki tsaya gaban madubi ki faɗi kalmar a hankali, ciiiz, za ki ga baki ya buɗe ta gefe haƙora sun fito kamar mai murmushi, to abin da mai hoto ke nema kenan, shi ya sa ya zaɓe ta. Kuma ki lura ƙarshenta z ne ba s ba, sannan a ja wasalin, don ɗalibaina da yawa sukan gajarta shi ya fito kamar chess, wanda wani wasa ne mai kama da dara, sai mai sauraro ya rasa inda aka dosa.

Akwai wasu wuraren da za ki ci karo da ita. In aka ce wane big cheese ne, ana nufin babban ƙusa ne a wurin, mai faɗa a ji. In Baturen Ingila ya ce cheesed off yake, ransa ne a ɓace, abu ya ishe shi. Su kuma sukan ce mutum biyu chalk and cheese ne, alli da cuku, wato sun yi hannun riga ta kowace fuska. A wajen samarin Amurka musamman a waƙoƙinsu cheese ko cheddar kuɗi ne, alhali Cheddar sunan wani ƙauye ne a Somerset ta Ingila inda wani irin cuku ya samo sunansa.

Wadda na fi so ki kiyaye ita ce cheesy, don na sha ganin an ɗauke ta yabo. In ana maganar pizza ce to cuku ya ji a ciki, lafiya lau. Amma in aka ce fim ko kalaman soyayyar wani cheesy ne, ana nufin an cika masa gishiri har ya zama ba armashi, kada ki yi godiya in an faɗa miki.

Wajen sayayya kuma ba a cewa two cheese, sai dai some cheese ko a piece of cheese, kamar yadda ba ma ƙirga madara sai da kwano ko ludayi.