Ku Tambaya Mu Amsa: Motar da Ta Daina Kaiwa Ƙarshen Hanya

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan mota suka taru. Na zaɓi guda uku, sauran masu wasiƙa ku yi haƙuri, amsarku na ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina zaune a Unguwar Dosa, makarantar da nake koyarwa kuma tana Kakuri. A da in na fito Kawo da sassafe nakan sami bas ɗin da zai wuce da ni har tsallaken gada. Yanzu duk kwandastan da na tsayar sai ya ce "Kasuwa kawai". A Kasuwar ma ba a inda muka saba ake sauke mu ba, sai na yi tafiyar ƙasa mai nisa da jakar littattafan yara kafin in kai inda ake lodin Kakuri. Mota ɗaya ta zama biyu, ran da aka yi rashin sa'a uku har da keke. Sau huɗu ina makara a watan jiya, hedimasta ya fara kallona. Shin gwamnati ce ta yanke hanyar ko direbobi ne suka haɗa baki? Kuma ina za mu kai kuka?
Wata malama, daga Unguwar Dosa

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba da ladan koyarwa. Kin kawo tambayar inda ya dace, don kafin in riƙe biro na riƙe ƙofar mota. Lokacin ina sakandare, duk hutu ni ne kwandastan kawuna a wata tsohuwar hayis wadda ƙofarta sai an ɗaure da igiya. Har yau in na ji ana "Kawo! Kawo! Mando!" sai in ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi.

Abin da ya same ki abu biyu ne suka haɗu, kuma hannun da ya yi wannan ba shi ya yi wancan ba. Sauya wurin sauka da wurin lodi aikin hukuma ne. Yanke hanya gida biyu kuwa lissafin direba ne, babu wata takarda da aka sa wa hannu.

Bari in fara da na direba, don shi ne ya fi cin aljihunki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000. Direba ya ƙara kuɗin mota sau ɗaya, sau biyu, sai ya ga fasinja sun fara tsayawa bakin titi suna kallonsa ba sa shiga. Akwai adadin da in kwandasta ya faɗa, mutum zai ce gara ya taka. To sai aka nemo wata dabarar. A ce, misali kawai nake bayarwa, mota mai cin mutum 14, daga Kawo zuwa tsallake naira 600. Sawu guda ya kawo 8,400. In aka raba hanyar a Kasuwa, kowane rabi naira 400, wanda ba zai sa kowa ya ɗaga murya ba, kujerun nan 14 sun kawo 11,200. Titin bai ƙara tsawo ba, man da aka ƙona ɗaya ne, amma an sami ƙarin 2,800. Ke kuma kin biya 800 maimakon 600, ba tare da wani ya taɓa ce miki an ƙara kuɗin mota ba. Ƙari ne aka yi masa lulluɓi.

Akwai kuma abin da kawuna yake kira "kujerar da ta yi barci". Fasinjan nesa yana zama tun daga farko har ƙarshe, kuɗi ɗaya yake biya. Kujerar da mutum uku suka hau suka sauka a kanta a hanya ta fi shi kawo kuɗi. Shi ya sa in kin ce Kakuri kwandasta yake kau da kai, in wani ya ce Unguwar Sarki sai ya daki jikin mota a tsaya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba. Na taɓa barin wani dattijo da buhun masara a bakin titi don na hango ɗalibai uku a gaba, kawuna bai ce mini komai ba sai da muka tashi aiki, ya ce gobe in na sake zan koma gida a ƙasa. Direbobin wancan zamanin suna da sararin yin irin wannan kunyar. Na yanzu da mai yake cinye rabin cinikinsa, sararin ya yi masa kaɗan.

Sai na hukuma. Kaduna gari ne dogo kamar maciji. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, garin yake miƙewa kudu da arewa, kogi ya raba shi biyu, kusan kowa kuma ta titin Ahmadu Bello yake bi. Babbar kasuwa, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, tana zaune daidai tsakiyar wannan titin. Duk motar da ta tsaya a gabanta tana lodi ta toshe wa ɗaruruwa numfashi. Lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi aikin sabunta birni, aka sake gina gadar Kawo, aka yi hanyar ƙarƙashin ƙasa a shataletalen Leventis, aka haɗa Kabala Costain da Barnawa da sabuwar gada, wasu daga ciki Shugaba Buhari ya zo ya buɗe su a Janairun 2022. Titi ya yi kyau, wannan ba gardama. Amma irin titin da aka yi domin mota ta wuce ne. Ba a yi shi domin ta tsaya ba. Inda a da akwai shataletale da kowa ke sauka ya tsallaka, yanzu mota a guje take shigewa ƙasa ta ɓullo can gaba. Wuraren da bas ke raɓawa ya sauke mutum suka ragu, masu lodi aka tura su lunguna. Tafiyar ƙasan da kike yi da jakar littattafai, ita ce tazarar da ke tsakanin inda aka yarda mota ta sauke da inda aka yarda ta ɗauka.

Ra'ayina a nan, kuma na san wasu abokaina masu motar kansu ba za su so shi ba: wanda ya zana hanyar yana zaune ne a bayan sitiyari. Da ya taɓa sauka da goyo da kwandon tumatir a tsakar rana cikin watan Afrilu, da ya sa wurin sauka da wurin hawa kusa da juna. Hana lodi a gaban kasuwa daidai ne. Abin da ya rage shi ne a ba mutane wurin sauya mota guda ɗaya, mai rumfa, inda za ki sauka daga ta Kawo ki taka goma ki shiga ta Kakuri.

Batun kai kuka. Jihar tana da hukumar da ke tsara harkar sufuri, KADSTRA, kuma kowace tasha tana da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW. Kukan mutum ɗaya a bakin ƙofar ofis iska ke ɗauka. Ku malamai kuna da ƙungiya, ku rubuta takarda da sunanta, ku faɗi hanyar, ku faɗi lokacin, ku faɗi mutum nawa ne ke bin ta kullum. Sannan kada ku raina ciyaman ɗin tasha. In kuka je masa ku goma sha huɗu kuka ce kullum ƙarfe shida da rabi muna nan a Kawo, Kakuri za mu, kun kawo masa cikakkiyar mota wadda ba sai an yi ta kiran "saura mutum ɗaya" ba. Direba ba ya ƙin hanya mai nisa, kujera wayam yake gudu. Na san ma'aikatan wani asibiti da suka yi haka, yau shekara guda mota ɗaya ke kwasarsu, har direban ya san wadda ke makara.

Kafin nan, ki gwada tambayar masu bin baifas, wato titin Nnamdi Azikiwe, ta Mando da Kurmin Mashi. Ya fi zagaye, amma ba ya ratsa Kasuwa, kuma ta gefen Kakuri yake ɓullewa. Hedimasta kuma ki same shi ki yi masa bayani tun kafin kallon ya zama takarda.

Tambaya: Malam, ni direban bas ne, shekarata 19 a kan titin Kaduna. Kullum mu ake zagi. Motar ba tawa ba ce, kowace yamma sai na kai wa mai ita balas ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ga kuɗin tikiti, ga ɗan kamasho, ga kwandasta, ga mai. In na shiga gosulon gada da yamma sai in ƙona man sawu guda ina tsaye. Yanzu kuma ga manyan motocin gwamnati na kyauta sun kwashe mana fasinjan safe. In ban yanke hanya ba me zan kai gida? Ku riƙa faɗin namu ɓangaren.
Wani direba, daga Rigasa

Amsa: Direba, sannu da aiki. Ga shi na buga naka ɓangaren ba tare da na cire ko harafi ba, kuma duk abin da ka lissafa gaskiya ne. Na san yadda ake ji in an idar da sallar isha'i ana ƙirga kuɗi a kan bonet, a ware na mai, a ware balas, a ga abin da ya rage bai kai kuɗin cefane ba.

Motocin da kake magana su ne bas-bas 100 masu amfani da iskar gas ta CNG da gwamnatin Sanata Uba Sani ta fito da su a 2025, aka fara ɗaukar mutane kyauta. Ga ɗalibi da ɗan fansho rahama ce. Amma babbar mota babban titi take bi, ba za ta shiga cikin Rigasa lungu-lungu ba, ba za ta jira matar da ta fito daga Hayin Banki da kaya ba. Wannan aikin naku ne, kuma in kuka mutu babu mai yin sa. Ina ganin inda ya kamata ƙungiyarku ta sa ƙarfinta shi ne neman a sauƙaƙa muku juya injinanku zuwa gas, da samun wurin shan gas ɗin ba tare da an kwana a layi ba. Tazarar kuɗin gas da na fetur ita ce za ta iya dawo da doguwar hanya, ba roƙon fasinja ba.

Inda ba zan bi ka ba shi ne wannan. Yanke hanya tun daga tasha, a faɗa wa mutum "Kasuwa kawai" ya shiga da saninsa, ciniki ne. Amma a kira "Sabo! Sabo!", a karɓi kuɗin Sabo, a zo shataletalen Sitadiyam a leƙa a ga gada ta cushe, sai a ce kowa ya sauka mota ta lalace, mutane na sauka kuma a juya a kama lodin Kawo a gabansu, wannan ba lissafi ba ne, cin amana ne. Da idona na gani watan jiya. Kwandastan ya miƙa wa mata biyu da ba su san juna ba takardar naira 500 ɗaya ya ce "na haɗa ku", mota ta tashi. Ɗaya Barnawa za ta, ɗaya unguwar Television, suka tsaya a rana suna neman mai canji. Ka faɗa wa 'yan'uwanka, zagin da kake cewa ana yi muku, rabinsa irin wannan ne ya jawo shi.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce, ina tashi daga wurin koyon ɗinki a Tudun Wada bayan magariba. A da ina samun bas zuwa Rigachikun har ƙarfe tara. Yanzu daga an yi isha'i sai ƙananan motoci marasa fenti. Mamana ta ce kada in shiga. Ko tsoro ne kawai irin na iyaye?
Wata ɗaliba, daga Rigachikun

Amsa: 'Yata, ki bi maganar mamanki. Sawun dare shi ne farkon abin da direba ke yankewa in mai ya yi tsada, domin zai kai ku Rigachikun ya dawo ba kowa. Gurbin da ya bari kuma kowa na iya shigowa cikinsa, da mai neman na cefane da motarsa ta gida, da ɗan wan-cans, wato ɓarawon da ke ɗaukar fasinja don ya yi masa fashi a cikin mota. Ke ba ki da hanyar bambance su a cikin duhu. Ki hau mota a cikin tasha inda ɗan kamasho ya san direba, ko da za ki ƙara jira. Kada ki shiga wadda kika tarar da maza biyu ko uku a ciki suna matsa miki wuri tun ba ki faɗi inda za ki ba. Mafi sauƙi duka, ki sa mamanki ta yi wa mai shagon magana a riƙa sallamarki bayan la'asar sakaliya, ki cike sauran aikin ranar Asabar. In akwai wasu 'yan hanyarku a shagon ku riƙa fitowa tare, ku sauka Kawo tare, kuma lambar motar da kuka shiga ki tura wa na gida kafin ta tashi.