Tambaya da Amsa: Me Ke Girgiza Jirgi a Wasan Kwamfuta?

Tambaya: Ina yawan buga wasan tuƙin jirgin sama na Microsoft Flight Simulator, kuma na lura cewa idan na tashi daga Kumasi zuwa Ankara, babban birnin Ghana, da tsakar rana jirgin yana ta girgiza, amma da asuba sai ya tafi sumul. Shin ƙirƙirar masu wasan ce, ko haka iska take yi da gaske? Daga wani ɗalibi a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani yana da tushe. Rana ƙasa take gasawa, ita kuma ƙasar ta ɗumama iskar da ke kanta, sai iskar ta yi sauƙi ta miƙe sama, tana rage zafi kusan digiri 1 a kowace mita 100, har danshinta ya dunƙule ya zama gajimare. A gefenta kuwa iska mai sanyi tana saukowa, don haka jirgin da ya ratsa tsakani sai a ɗaga shi nan, a sake shi can. Kwalta da kwanon rufin kasuwar Kejetia sun fi daji ko ruwan Tafkin Bosomtwe saurin ɗaukar zafi, kuma irin wannan iskar mai ɗumi da ke tashi sama ce ungulu ke hawa tana kewayawa ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Da asuba ƙasa ba ta yi zafi ba tukuna.

Wasan da ka ambata, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa aka fitar a 2020, yana karɓar bayanan yanayi daga kamfanin hasashen yanayi na Meteoblue da ke Suwizalan, sannan a 2022, lokacin da aka shigo da jirage marasa inji, aka inganta lissafin iska mai tashi bisa tsayin rana da yanayin ƙasa. X-Plane kuwa, wani wasan tuƙin jirgi na daban, yana kasa fiffike gida-gida, ya lissafa ƙarfin iska a kan kowane yanki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Sai dai babu kwamfutar gida da za ta iya bin kowace ƙaramar guguwa, shi ya sa ƙananan girgizar kintace ce ta lissafi, kuma a ganina nan ne wasan ya fi rauni, tunda matuƙi na gaske da jikinsa yake fara jin ɗagawar iska kafin na'ura ta nuna masa.

Ka gwada sa agogon wasan a ƙarfe 2 na rana, ka bi ƙasa-ƙasa ta duwatsun Kwahu, inda ake bikin shawagi da lema lokacin Ista tun 2005, domin a can iskar da ke hawa gangaren dutse tana haɗuwa da mai ɗumi.